Takardar Phulmati

Abin da na riƙo daga Guyana bai cika tafin hannu ba:
takarda ɗaya mai launin ruwan shayi,
sunan kakar kakata, Phulmati,
shekara sha tara, tabo a gefen goshi,
da dangwalen yatsa da ya fi sunan fitowa.
Daga ƙasa magatakardan jirgi ya rubuta ƙauyensu
da hannun wanda yunwa ke jira a waje.

Kwana biyu ina nuna wa direbobin Bihar kalmar.
Wani ya karanta Karamdiha, wani Karandiya,
wani ya ce ƙauye uku ke amsa sunan,
zaɓi wanda ya kwanta miki.
Na zaɓi mai rijiya a gindin darbejiya,
don kakata ta taɓa cewa
in zazzaɓi ya kayar da tsohuwar
rijiya take kira, ba uwarta ba.

Suka fito mini da gadon igiya tsakar gida.
Ɓauna biyu na tuƙa, ko kallo ban ishe su ba.
Dattijo Ramasre ya juya takardar sama da ƙasa,
ya miƙa wa jikansa mai tabarau,
suka yi ƙus-ƙus cikin harshen da ya mutu a bakin mahaifina.
Sai tafinta ya sunkuyar da kai:
Tambaya suke, ko gona kika zo raba?

Na yi dariya, ta maƙale mini a wuya.
Na ƙetare teku da ƙishirwar dangi,
su kuwa suna auna gonar shinkafa da ido.
Ban ga laifinsu ba.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
baƙo kuma, ko da hawaye ya zo, da cikinsa ya zo.
Na ce a gaya musu gonar rake ta daɗe da cinye rabonmu
can bakin kogin Berbice,
ban zo da igiyar awo ba.

A nan wata tsohuwa ta dogaro bango ta fito,
Dulari, ido ya yi hazo, murya na nan garau.
Ta ce a gidansu ma an yi yarinya,
ta tafi cin kasuwar bakin kogi da tulun man shanu,
aka tsinci tulun, aka ce ruwa ya ci ta.
Zuciyata ta buga.
Ta ɗaga hannu: kar ki yi sauri, 'yata,
gidan Bhikhari ma an yi, gidan maƙera ma.
Shekarun nan kogi ya sha ƙazafi.

Ta laluba kunnena, ta murza haɓata,
kamar mai sayen akuya,
ta ce oho.

Da rana ta take aka kawo abinci a kwanon tagulla,
gasasshen yalo, an daka shi da tafarnuwa da barkono,
ƙaurin wuta na jikinsa har yanzu.
Kafin tafinta ya buɗe baki na ce: choka.
Gidan ya yi tsit.
Dulari ta tafa cinya, ta sa na sake faɗa,
ta kira matan bayan katanga su zo su ji.
Kalma ɗaya ke nan da ta tsira daga cikin jirgin,
ta bi tukwanenmu shekara ɗari da ɗoriya
ba wanda ya tambaye ta takarda.

Ban san ko rijiyar nan ce ba.
Na dai sha, ruwan na ɗanɗanon ƙarfe.

Da zan tafi, Ramasre ya aika a ɗauko littafi,
wanda yake rubuta bashin madara a ciki.
Ya lashi fensir, ya ce in maimaita sunana a hankali,
Savitri, 'yar Deonarine,
ya sa shi a shafi na ƙarshe,
ƙasan wani da bai biya ba tun bara.